Surukina da Ya Koya wa Kili Rawa Ba Kiɗa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar surukina ta faɗo a wata Talata cikin kaka, ana tsakar yankan dawa.

Ina shagona a Kaura Namoda, ƙafata a kan keken ɗinki, sai wani direba mai jigilar Zurmi ya leƙo. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Tela, sai haƙuri. Tsohon nan naku mai dawaki, Allah ya yi mashi cikawa da hantsi." Na miƙe na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura. Hanyar gida ce ta fi yi mini tsawo, don matata ita ce 'yarsa ta fari, kuma a bakina za ta ji. Ashe ba sai na yi magana ba. Ina shiga ta dubi fuskata, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Baba ne?" Na ce shi ne. Ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye.

Mun isa ƙauyensu, can gaba da Zurmi ta hanyar Gurbin Bore, ana daidaita sahun sallar gawa. Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a nan na fara jin surukina a bakin mutanen da ban taɓa gani ba. Wasu Fulani sun zo daga ruga da sandunansu. Dattijonsu ya ce su ba su da doki ko ɗaya, amma duk ranar da maraƙi ya karye, ko saniya ta ƙi tsayawa a tatse ta, shi suke aika wa, ya zo a ƙafa ya koma a ƙafa, sai dai a cika masa ƙwarya da nono ya sha. Maƙerin garin yana share ido da bakin riga yana cewa, "Ba wanda ya ba ni wahala kamar shi. Linzami guda sai shi yi ta maido mani shi, wai akwai kaifi. In ce ina kaifin? Sai shi ce in sa ma bakina in ji."

Har wani dillalin dawaki ya zo daga Shinkafi. Da ya gama addu'a ya gyara zama ya ce, "Allah shi jiƙan shi, amma gaskiya a faɗe ta, mutum ne mai taurin kai. Ya sha ɓata mani ciniki. Ina yabon doki gaban mai saye, shi ko ya duƙa shina latsa ƙafa, sai ka ji ya ce wanga ɗingishi zai yi kafin damina." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan mutuwa a haɗiye rabinta.

Mutum ɗaya ne bai zauna a tabarma ba. Wani tsohon makaɗi ne, aminin Baba tun suna samari. Ya ja gefe ya zauna kusa da turken doki, kowa na wuce shi ya je ya gai da dangi. Matata ce ta hango shi ta katanga, ta aiko a kira ni ta ce, "Je ka yi wa Baba makaɗi gaisuwa. Shi ma an yi masa mutuwa." Na je na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki. To ni yanzu wa zan yi ma gardama?"

Tun ranar nake son in rubuta wannan, ni da ba marubuci ba. Malami in ya rasu karatunsa na bakin ɗalibansa, magini kuma gininsa na tsaye. Mai horon doki aikinsa a jikin dabba yake, ranar da dabbar ta faɗi ya tafi ke nan. 'Ya'yana babur suka sani. Ina so in sun girma su san wane ne kakansu.

Sanadin shigata hannunsa abin dariya ne. Ranar hawan angoncina abokai suka aro mini doki a Kaura, ni kuwa ko jaki ban iya ba. Muna isowa bakin kasuwa wata mota ta yi oda, dokin ya yi gefe, ni na yi ƙasa, babbar riga ta lulluɓe ni. Labari ya riga ni zuwa ƙauye. Da na je gaisuwar surukai na tsuguna daga nesa kamar yadda ya kamata, Baba ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. Miji ne ni ga 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya faɗa, balle nawa. Ina shirin tafiya sai surukata, wadda muke kira Inna, ta ce, "Ya ce gobe da safe ka same shi gulbi."

Lokacin rani ne, gulbin ya ƙafe, sai rairayi fari mai laushi. A nan yake aikinsa. Na iske shi da wani farin doki mai sirkin toka, shi ne Kili, wanda duk yankin aka san shi da rawa. Na ɗauka zai ba ni wani gurgun abu in koya a kai, sai ya nuna mini Kili da haɓa. Daga baya na ji dalilinsa, cewa yake jahili biyu ba sa tafiya tare, in mahayi bai sani ba to dokin ya sani.

Na hau. Ya cire linzami daga hannuna, ya zare ƙafafuna daga likkafa, ya ɗaura wa dokin doguwar igiya ya tsaya a tsakiya, Kili ya fara zagaya shi. Ba abin riƙewa, na ƙanƙame sirdi. Ga shi yana son ya gyara mini, ga kunyar surukuta. Sai na ji ya ce, "Kili, gaya ma mai hawanka shi saki sirdin nan, ba gudu zai yi ba."

Na saki.

"Kili, ce mashi shi sauke kafaɗa, ba tulu shika ɗauke da shi ba."

Haka muka yi karatunmu shekara da shekaru. Duk gyaran da zai yi mini ta kunnen Kili yake biyowa. Ranar da ya maido mini linzami na ja shi da ƙarfi don in tsayar da dokin, sai Baba ya ɗaga hannu. "Kili, tambaye shi. In shina ɗinki, fizgar yadi shika yi ƙarƙashin allura, ko bin shi shika yi da yatsu?" Wannan maganar ta shige ni fiye da duk sauran, don na san abin da ke faruwa da yadin da aka fizga. Sau ɗaya na taɓa ramawa. Rana ta yi, cinyoyina sun mutu, na sunkuya na ce, "Kili, ka ce masa a yi wa bawan Allah afuwa." Baba ya juya mini baya, amma na ga kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ba ya gaggawa da dabba. In aka kawo masa ɗan duƙushi sai ya yi watanni yana jan sa a ƙafa kawai, yana shafa shi, yana ɗaga masa kofato yana saukewa, har sai ya daina zabura. Sannan sirdi. Sannan tafiya miƙe, da tsayawa cak, da ja da baya, da tafiya a kaikaice ƙafa na haye ƙafa. Ƙarshen karatun ita ce rawa: doki ya lanƙwasa wuya, ya tattara ƙarfinsa a baya, ya riƙa ɗaga ƙafafu bi da bi a wuri guda, kamar yana tafiya amma ba ya zuwa ko'ina. Wasu masu dawaki na samun irin wannan cikin 'yan makonni da ƙaimi da linzami mai kaifi, dokin na tsalle-tsalle, kumfa da jini na zuba a baki, 'yan kallo na ihu. Baba in ya ga haka sai ya kawar da kai. Cewa yake, "Wancan ba rawa ba ce, kuka ne da ƙafafu."

Ba ya cin abinci sai dawaki sun ci. Tufafinsa kullum ƙanshin dusa da kanwa suke, har Inna ta gaji da mita. Ran Alhamis yakan tafi kasuwar Shinkafi, ba don ya saya ba, don ya ga dawaki, ya dawo ransa a ɓace ko a sake gwargwadon abin da ya gani. Goro kuwa rabi yake ci ya ba wa wanda ke kusa rabi, ko da yaro ne.

Shekarar da aka ba mu jiha sabbin manya suka yi yawa, kowa na son doki a ƙofar gida. Wani ya aiko wa Baba da wani baƙin ingarma mai kyau, wai a koya masa rawa kafin bikin ɗansa. Baba ya buɗe bakin dokin ya ga tsoffin miki a dasashi da harshe. Da mai dokin ya zo duba aiki ya tarar ko sirdi ba a ɗora ba, ya tambayi dalili. Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ba koyo zai fara ba, mantuwa zai fara. Bari shi manta abin da anka yi mashi tukuna." Mutumin ya ce shi ba mantuwa ya zo saye ba, ya sa yaransa su kwance dokin, akwai wanda zai yi masa aikin da wuri. Dokinsa ne, Baba ba shi da ta cewa. Ya raka dabbar har bakin hanya, hannunsa a kan wuyanta. Ya dawo ya zauna a zaure, ranar ko furarsa bai sha ba.

Rawar Kili da kalangu ake yin ta, kuma makaɗin nan ne mai kiɗa. In ana biki ko suna a ƙauyukan yankin, ko an gama kaka ana murna, sai a gayyace su su biyu. Ban taɓa ganin abokai masu gardama kamarsu ba. Makaɗi ya ce doki ne ke bin kiɗa, Baba ya ce kiɗa ne ke bin doki. Baba ya ce, "Ka cika sauri!" Makaɗi ya ce, "Kai dai dokinka ya ci ya ƙoshi, nauyi shika ji!" Amma in sun shiga fili sai ka rasa wanda ke bin wani. Kalangu ya yi ƙasa, Kili ya yi ƙasa. Kalangu ya ɗaga murya, ƙafafun Kili su ɗaga, Baba na zaune a sama kamar an dasa shi, ba ka ganin hannunsa ya motsa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau Baba na cikin waɗanda suka yi murna. Ya ce ko ba komai an rufe gidajen giya da caca da suka cinye 'ya'yan mutane. Bai san abin zai shigo zaurensa ta wata ƙofa ba.

Ɗansa namiji ɗaya ne, ƙanin matata. Yaro ne mai kirki da natsuwa, ya yi karatun addini mai zurfi a Gusau, ya dawo zuciyarsa cike da son gyara. Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure, ni da Baba da makaɗi, sai ya yi sallama ya tsuguna.

"Baba, ina da magana. Allah ya kawo mu lokacin gyara. Wanga kiɗa da ake yi ma doki, maza da mata na cakuɗa wurin kallo, ya kamata a bari. Ba ya halatta. Mai yin shi da mai saurare duk suna da laifi, balle wanda ya mai da shi sana'a."

Bai dubi makaɗi ba, amma kowa ya san inda maganar ta sauka. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Baba ya ce, "Ka gama?"

"Ban gama ba, Baba."

"Ka gama. Wanda kake nufi, shi ya ɗauke ka a wuya ranar da anka yi maka kaciya, kana kuka shina lallashi. In kana da magana da ni ka same ni ni kaɗai. Ba a zaurena ba, ba gaban baƙona ba."

"Gaskiya ba ta zaɓen wuri, Baba."

"To tashi ka nemi inda za ka faɗe ta. Ba nan ba."

Ban taɓa jin muryar Baba haka ba, ko da dokin da ya cije shi. Yaron ya tashi. Washegari ya tattara kayansa ya biyo ni Kaura, ya zauna a gidana yana koyarwa a wata Islamiyya. Sallah ta zo ta wuce bai je gida ba. Matata ta rame. In ta yi wa ƙanenta magana ya ce shi bai yi rashin kunya ba, gaskiya ya faɗa, kuma ba zai taka inda ake kiɗa ba. In ta je ƙauye ta ɗauko zancen, Baba ya tashi ya tafi wurin dawaki.

Ko ba maganar yaron, gayyata ta riga ta ragu. Mutane sun fara jin nauyin kiran makaɗa a biki. Makaɗin da kansa ya rataye kalangunsa a ɗaki, ya aiko wa Baba cewa shi ba zai zama sanadin raba ɗa da uba ba, kuma ya daina zuwa zauren. Tsoho ne, ba shi da gonar kirki, kiɗan nan shi ne abincinsa.

Baba bai aika masa da amsa ba. Da safe ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan da kansa. Inna ta ce ta jiyo su daga nesa suna musu. Abin da Baba ya ce masa shi ne, "Ni ban zo roƙonka ka yi kiɗa ba, dama kiɗan naka sauri gare shi. Idona ne ya rage. Zo ka zauna bakin gulbi ka riƙa duba mani ƙafafun doki." Daga nan kuma ya raba fadamarsa ta albasa biyu, ya ce rabin ya fi ƙarfinsa, makaɗi ya taimake shi ya riƙe. Duk garin an san ba ƙarfinsa ta fi ba.

A ranin nan ne ya ɗauko aikin da ya fi kowane wuya a rayuwarsa, wato ya koya wa Kili rawa ba kiɗa. Ni ban gane dalili ba sai da Inna ta gaya wa matata abin da ya ce mata: "Ni ban ce yaron ya yi daidai ba. Amma in kiɗa ne ya hana shi tako gidan ubanshi, bari in gani ko Kili zai iya rawa ba kiɗa."

Abin ya ƙi. Doki ya girma da kalangu a kunne, shi ke gaya masa lokacin farawa da lokacin tsayawa. Sai ya tsaya yana juya kunnuwa, yana kallon makaɗi da ke zaune hannu wofi, kamar yana tambayarsa me ya faru. Makaɗin shi ma ba ya iya daurewa, sai yatsunsa su fara bugun gwiwa, Kili ya hango ya fara ɗaga ƙafa. Baba ya daka tsawa, "Kai, zauna kan hannunka!" Tsoho ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya yana gunaguni.

Ga shi ƙugun Baba ya fara ciwo, ba ya iya daɗewa a kan sirdi. Sai aikin hawa ya dawo kaina. Duk ƙarshen mako in rufe shago in shiga motar Zurmi. Ni a sama, Baba a ƙasa da 'yar tsumagiya, ba duka yake ba, taɓa ƙafar dokin kawai yake a lokacin da ya kamata ta ɗaga. Ni kuma in matsa da ƙwauri, dama, hagu, dama, hagu, a hankali kamar numfashi. In Kili ya yi taku biyu ko uku daidai sai Baba ya ce a tsaya, ya shafa shi, a kai shi inuwa. Wata rana na yi tafiyar nan duka don taku uku. Wasu ranakun ko ɗaya ba mu samu. Akwai ranar da na ga Baba ya zauna a rairayi ya dafe kai, makaɗi ya ce, "Bari in ɗauko shi mana, ko sau guda, don shi tuna." Baba ya ce, "A'a. In ka ɗauko shi yau mun koma farko."

Sai da zafi ya kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sannan dokin ya gane cewa kiɗan ya koma jikin mai hawansa.

Saura yadda za a kawo yaron. Matata ce ta yi dabarar. Tana da tsohon ciki a lokacin, ni kuma ina ƙauye. Ta ce wa ƙanenta tana son ganin Inna, kuma shi da bakinsa yake cewa mace ba ta tafiya ba muharrami. Ya ce zai kai ta ƙofar gida ya juyo. Suka yi sammako. Da suka iso Inna ta ce masa, "Ai sai ka leƙa gulbi ka gaya ma mijinta ta iso."

Ni na fara hango shi a kan gaɓa, tsaye a gindin wani marke. Baba ma ya gan shi, amma bai nuna ba. Ya ce, "Kili, ce ma mai hawanka shi sauko. Yau ni za ni hau." Ni da makaɗi muka tallafa masa, yana cije leɓe saboda ƙugun. Da ya daidaita a sirdi sai ciwon ya ɓace daga fuskarsa.

Ya zagaya a hankali. Ya tafi a kaikaice zuwa dama, ya dawo hagu. Ya zo tsakiyar rairayin ya tattara dokin. Kili ya lanƙwasa wuya ya fara. Ba kalangu, ba tafi, ba 'yan kallo. Abin da ake ji kawai saukar kofato a rairayi, da kukan fatar sirdi, da numfashin doki. Na sha ganin rawar nan a fili cike da mutane, ban taɓa ganin ta kamar ta ranar ba. Makaɗi na zaune a kan hannayensa, hawaye na bin gemunsa, ba halin sharewa.

Baba ya tsayar da dokin. Bai juya ba, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan nan, zo ka sauke ni. Ƙuguna ya riƙe."

Yaron ya gangaro da gudu, takalminsa ɗaya ya maƙale a rairayi bai tsaya ɗauka ba. Ya rungumo ubansa ya sauke shi, suka tsaya a haka fiye da yadda saukewa ke buƙata. Na ji ya ce, "Baba, ka yafe mani."

Baba ya ce, "Ba ni kaɗai ba." Ya nuna makaɗi da haɓa.

Yaron ya je ya durƙusa gaban tsohon. Makaɗi ya zaro hannayensa da suka yi sanyi, ya dafa kansa ya ce, "Tashi. Ka yi nauyi yanzu, ba ni iya ɗaukar ka."

Ba zan ce sun daidaita a kan maganar kiɗa ba, don ba su daidaita ba. Har Baba ya rasu yaron na kan ra'ayinsa, Baba na kan nasa, sai dai ba su ƙara ɗauko zancen ba. Yaron ya koma zuwa gida, shi ke ɗauko harawa, shi ke kai Baba asibitin Kaura in ƙugun ya matsa. Kalangun kuwa bai ƙara saukowa daga inda aka rataye shi ba, kuma Baba bai daina jin wannan rashin ba. Wani lokaci in yana goge Kili sai in ji yana bin kiɗan da baki a hankali, in ya lura da ni ya mai da shi tari.

Ganina na ƙarshe da shi yana kishingiɗe a gindin bishiyar bedi a tsakar gida, ya rame amma hankalinsa garau. Ya tambayi ko ruwan ƙarshe ya sauka a Kaura, na ce ya sauka. Ya ce gero ya yi kyau bana, dawa ce dai sai an yi addu'a. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Da zan tafi ya ce in an gama kaka a kawo masa yara su kwana biyu. Kakar ba ta ƙare ba ya tafi.

Da aka zo rabon gado, liman ya zauna a zaure da magada, Inna na daga ciki bayan labule don tana takaba. Gona da fadama da hatsi duk aka san yadda za a yi da su. Rabin fadamar da ke hannun makaɗi kuwa ɗan ya ce Baba ya riga ya bayar tun yana raye, shi shaida ne, aka cire ta. Da aka zo kan Kili liman ya ce doki ba ya rabuwa, sai dai a sayar a raba. Dama akwai masu so, tun ranar uku suka fara aike.

Sai muka ji muryar Inna daga bayan labule. "A sa shi cikin tumunina."

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, wanga doki ya fi rabonki."

Ɗan ya ce, "Abin da ya haura a cire a nawa." Matata da ƙannenta mata suka ce har da nasu.

Liman ya ce to babu laifi, tunda kowa ya yarda. Amma ya kasa haƙuri, ya ƙara da cewa, "Sai dai ban gane ba, Inna. Ke ba hawa za ki yi ba. Mi za ki yi da doki?"

Ta matso kusa da labule. Sannan ta ce, "Ku rawa kunka sani. Ni ce ke jiƙa mashi dusa tun shina ɗan duƙushi. An ɗauke mani mai gidan. In kun sai da wanga kuma, wa zan tashi in ba ruwa da safe?"

Liman ya shafa fatiha.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Bai taɓa ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta ba, kada ka ɗora masa abin da ya fi nasa. Ka yalwata masa kabari, ka yafe masa kurakuransa, ka ba Inna da amininsa haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.